Rutenyum Mai Hannu Bakwai

Hawa'u ta ajiye alƙalamin zane, ta jawo takardar kusa da fuskarta, ta sake ƙirgawa da bakin farce. Ɗaya, biyu, uku, har bakwai. Ta cire gilashinta ta goge da gefen mayafi, ta mayar, ta kuma ƙirgawa. Bakwai dai.

Mako uku ke nan tana kan aikin Mushe Mas'udu a 'yar rumfarta da ke kusa da gidan waya na Birnin Ƙonni. Aikinta na kullum takardun neman aiki ne da koke-koken gona, ta buga a mashin ɗin rubutu, mai ita ya dangwala hannu ya tafi. Wannan kuwa littafi ne guda, shafi ɗari da ashirin. Mas'udu malamin kimiyya ne a kwalejin garin, shi ya sa ake ce masa Mushe, wato malam da Faransanci. Ya yi shekara huɗu a Faransa yana bincike a kan wani ƙarfe mai wuyar samu da ake kira rutenyum, lokacin karatunsa ya ƙare bai gama rubutu ba, ya dawo gida ya shekara biyu yana ƙarasawa tsakanin darasi da darasi. Malaminsa na can ya aiko da wasiƙa: in littafin bai iso ba kafin ƙarshen wata, maganar zama dakta ta wuce. Yau da la'asar Mariama, matar wani abokinsa, za ta ratsa Ƙonni a babbar motar Maraɗi zuwa Yamai, gobe ta hau jirgi. Ita za a ba.

Rubutun duk Hawa'u ta gama shi. Saura zane-zanen da mashin ba ya iyawa, waɗanda take kwafa da hannu daga takardun Mushe. Ba ta san kimiyya ba, a aji shida ta bar lakwal, wato makarantar boko. Amma ta zana Ru, alamar rutenyum, a tsakiyar takarda ya fi sau arba'in, da layuka suna fita daga jikinsa kamar hannuwa, kowane hannu riƙe da abinsa: nan CO, nan H, can PPh da ɗan ƙaramin uku a gindinsa. Wani lokaci hannu biyar, yawanci shida. Ba ta taɓa ganin bakwai ba sai yau, a zanen ƙarshe da ya rage mata, a shafi na sittin da uku.

Matar da ta koya mata aiki a Tawa ta sha gaya mata cewa mai buga takarda abin da ta gani take bugawa, ba ta gyara wa mai ilimi iliminsa. Hawa'u ta ɗauki alƙalamin, ta ja layi na farko. Sai ta ajiye. Ta buɗe shafi na saba'in da ɗaya, inda aka jera sunayen abubuwan da Mushe ya haɗa. Can an rubuta abin nan da PPh biyu. Nan kuwa uku.

Ga shi Mushe ba ya gari. Tun asuba ya tafi Tsarnawa sunan ɗiyar ƙanwarsa, ya ce sai dab da isowar mota zai zo ya karɓa.

Ta zuba takardun a jaka, ta naɗe mashin ɗin a tsohon zane, ta ɗora a ka, ta nufi tasha.

Munkaila, mai tsohuwar mota Fijo da ke jigilar Ƙonni zuwa Malbaza, ya miƙa hannu zai jefa ƙunshin a saman mota tare da buhunan albasa.

"Kul!" in ji Hawa'u. "Bisa cinyata za shi zama."

"Jinjiri ne, Madam?"

"Ya hi jinjiri rigima. Ja mu tahi."

A Tsarnawa ba ta sha wahalar gane gidan ba, ƙamshin suya ya kai ta. Maza na zaune a inuwar bishiyar bedi a ƙofar gida, Mas'udu na tsakiyarsu cikin babbar riga, da ƙashin rago a hannu. Da ya hango ta ya miƙe da sauri har hularsa ta karkace.

"Madam Hawa'u! Lahiya? Takardun sun ƙone?"

"Lahiya lau, Mushe. Barka da suna. Rutenyum ɗinka ne ya yi hannu bakwai."

Wani tsoho cikin mazan ya ce, "Subhanallahi, ɗan wa?"

Mas'udu ya yi dariya, ya ja ta gefe. "Madam, don wanga kika baro Ƙonni da rana tsaka? Ke dai zana abin da kika gani. Na duba takardun nan sau ukku."

"Ni kuwa na zana shi sau arba'in, ban taɓa ganinai haka ba. Duba nan, ka duba nan."

Ya goge hannunsa a hankici, ya karɓi shafuka biyun yana murmushin mai haƙuri da ɗalibi. Ya dubi na farko, ya dubi na biyu. Leɓunansa suka fara motsi. Murmushin ya tafi. Ya nemi dutse a gindin katanga ya zauna, babbar rigar ta sha ƙasa bai kula ba.

"Ashirin," ya ce a hankali.

"Bakwai na ƙirga."

"Ba hannuwan ba." Ya nuna da yatsa. "Kin ga, kowane abu da ya kama rutenyum yana kawo mishi wasu 'yan ƙwayoyi da muke ce ma elektaron. In sun cika goma sha takwas, ya ƙoshi, ba shi karɓar ƙari. Wanga da na zana ashirin gare shi. Babu shi a duniya, Madam. Ni na ƙirƙiro shi da alƙalami."

Goggo Shatu, ƙanwar mahaifinsa, ta leƙo daga zaure da ludayi a hannu. "Mas'udu, mi ya hwaru? Ka bar baƙuwa tsaye cikin rana."

"Goggo, aikin shekara shidda ne ya kusa lalacewa."

"Wane aiki? Garin nan naka mai kalar kurkum?"

"Shi." Ya juyo ga Hawa'u, ya fara bayani da hannu biyu kamar yana gaban allo. Asalin abin gari ne rawaya: rutenyum riƙe da CO biyu, wato iskar nan mai guba da gawayi ke fitarwa a rufaffen ɗaki, da kuma fosfin uku, su ne PPh ɗin, manya ne masu cin wuri. In aka narka garin aka busa masa iskar hidirojen, sai rawayar ta kwanta, ruwan ya koma fari. Amma kafin hidirojen ya samu wurin kamawa, dole fosfin ɗaya ya saki ya fita. Shi kuwa da ya zo kwafa daga tsohon littafinsa, ya shigo da baƙon ya manta bai fitar da kowa ba.

"To ina na ukkun ya tahi in ya saki?" in ji Hawa'u.

"Yana nan cikin ruwan yana yawo. Sai an wanke."

"Ai sai ka rubuta hakan. Ni tun sahe nike nemanai."

Goggo Shatu ta kaɗa kai. "Ni ban gane komi ba. Ku shigo ku ci abinci."

Babu lokacin abinci. Mas'udu ya bi littafin shafi-shafi yana zufa, ya tarar kuskuren ya haihu: yana shafi na sittin da huɗu, yana kuma cikin jawabin ƙarshe, wurin da malaminsa zai fara buɗewa. Shafi uku sai an sake bugawa.

Aka jawo akwatin ƙarfen Goggo zuwa inuwar rumfa a tsakar gida. Hawa'u ta kwance zanen, ta ɗora mashin, ta zauna a 'yar kujera, ta saka takarda biyu da baƙar takardar kwafi a tsakani. Da ta fara, ƙas-ƙas-ƙas, matan suna suka bar tukwane suka kewaye ta. Duk sanda ƙararrawar mashin ta ce ƙilin a ƙarshen layi, sai wata ta rangaɗa guɗa, sauran su kwashe da dariya. Mas'udu na tsugune gefenta yana karanta mata, ita kuma tana murza abin naɗe takarda rabin layi don ƙananan lambobin su sauka a gindin haruffa.

"Biyu, Madam. Biyu."

"Na ji, Mushe. Ba ni na sa ukku ba."

Mai jego ma ta leƙo ta taga da jaririyar a kafaɗa. Goggo Shatu ta ajiye kwanon nama kusa da Hawa'u, ta tsaya tana korar ƙudaje da yara gaba ɗaya. Da aka zo zane, Hawa'u ta shimfiɗa takardar a bayan faranti, ta ja layuka shida, ta miƙa wa Mas'udu.

"Ƙirga."

Ya ƙirga a fili, matan na amsa masa, har shida.

Suna fitowa bakin titi babbar motar Maraɗi ta wuce su fuu, ko sassautawa ba ta yi ba. Mas'udu ya ɗaga hannu biyu ya bi ta da gudu taku goma, rigar na harɗe masa ƙafa, ya tsaya. Can sai ga Fijon Munkaila tana dawowa daga Malbaza, tana tafe tana tari.

"Munkaila, don Allah taka ta! Motar Yamai ta wuce!"

"Kwantar da hankalinka, Mushe. Sai sun yi salla a Ƙonni, sun ci nama, direba ya sha shayi. Ni na san su." Ya dubi ƙunshin da ke cinyar Hawa'u. "Jinjiri ya samu lahiya?"

"An yanke mishi hannu guda, ya warke."

Gaskiyar Munkaila ce. Sun tarar da motar a tasha, fasinjoji na alwala. Mariama na tsaye a ƙofa tana waige-waige. Mas'udu ya damƙa mata takardun littafin, ya yi mata bayani sau uku, har ta ce masa ta ji, ba yau ta fara tafiya ba. Motar ta tashi, ya bi ta da ido har ta sha kwana.

"Madam Hawa'u," ya ce, "ban san da wane baki zan gode miki ba."

"Ba komi, Mushe. Ga kwafinka."

Ta fito da shi daga jaka tana daidaita gefensa a tafin hannu. Idonta ya sauka a kan shafin farko, wanda ta buga tun ranar da aka fara aikin, wanda su biyun suka gani ya fi a ƙirga. Sunansa na tsakiya da manyan haruffa, yadda ake rubuta shi da Faransanci. Sai dai harafin R ya kutsa ciki: MASSAROUDOU.

Ta ji kamar ta tura shafin ƙasan jaka. Ta dubi hanyar Yamai, babu ko alamar motar. Sai ta miƙa masa, ta ɗora yatsa a wurin.

Mas'udu ya karanta. Ya sake karantawa, a fili wannan karon. Sannan ya fashe da dariya har ya dafa kafaɗar Munkaila.

"Dakta Masara! To, madalla."

"Mushe, in buga wani a aika ta gidan waya?"

"Bar shi, Madam. Shekara huɗu ina can, ba wanda ya taɓa hwaɗin sunan nan daidai. Ba za su lura ba." Ya naɗe kwafin ya soke a hammata. "Mu koma Tsarnawa, ko loma ba ki kai baki ba."