Jirgin da Ya Isa da Wuri

"Ba zan karanta ba, Manaja."

Ta ajiye takardar a teburinsa, ta danne ta da kofin shayi don kada fanka ta kwashe ta. Manajan gidan rediyon ya sauke tabarau ya dube ta.

"'Yar Littafi, layi goma ne fa. Ki ce shirin ya yi kyau, shi ke nan. Talabijin ɗinmu ce ke nuna shi. So kike mu zagi kanmu?"

"Ranka ya daɗe, masu saurarona sun san abin da na gani nake faɗa. Wannan kuwa wani ya rubuto."

"To, sannu mai digiri. Mu da muka shekara ashirin a nan duk makafi ne."

Shekara huɗu tana gabatar da filin littattafai kowace Asabar da safe. Sabon shirin kuwa daga littafin marubucin da ta fi so aka ciro shi, labarin wani jirgi da ya ɗebi mutane zuwa wata duniya, tafiyar shekara ɗari uku. Duk wanda ya shiga ya san ba da shi za a sauka ba. Akwai wata tsohuwa a ciki, aikinta ban ruwa ga itatuwan da sai tattaɓa-kunnenta za su ci 'ya'yansu. Littafin nan ta riƙa karanta wa babanta a asibiti, babi ɗaya kullum in ta taso daga makaranta, har ranar da ta zo ta tarar an naɗe katifar. Saura babi biyu.

Yammar da aka fara nuna shirin, ita da Inna suka zauna a falo. Kafin a gama kashi na farko, jirgin ya isa. Aka fito da bindigogi masu feshin wuta, aka shiga harbe-harbe.

"Wai ina tsohuwar da babanku ke yawan tambaya?" in ji Inna.

"Ga ta can, Inna. Mai jan bakin."

"Wannan yarinyar? Ita da ko tsintsiya ba ta yi kama da wadda ta taɓa riƙewa ba?"

Suka yi dariya, dariyar ba ta je ko'ina ba.

Ran Asabar da jar fitilar fara shiri ta kama, ta faɗi abin da ta gani, tiryan-tiryan. Injiniya yana bayan gilashi yana ta ɗaga mata hannu, ta kau da kai. Ran Litinin ta tarar an goge sunanta daga allon shirye-shirye. Aka tura ta ɗakin ajiya na ƙasa, tana karkaɗe tsofaffin faifai tana manna musu lamba. Kullum sai ta zo da kaya a goge, ta gaida kowa, ba ta ba kowa haƙuri ba. In ta wuce a ce, "Ya jirgi? An isa?" Ta ce, "Muna hanya."

A wata na biyu wata mata ta sauko ɗakin, ta ƙi zama.

"Ni ce 'yar marubucin. Baba ɓarin jikinsa ya shanye, ko alƙalami ba ya iya riƙewa. Filinki kaɗai yake jira duk mako. Har ya ce a kawo masa ke ya gan ki."

'Yar Littafi ta ajiye tsumman hannunta.

"Ya san shirin ba littafinsa ba ne," matar ta ci gaba. "Amma shekara goma sha biyar ba wanda ya ƙwanƙwasa mana ƙofa sai da aka fara nuna shi. Jikokinsa sai yanzu suka san abin da ya yi a duniya. Da ya ji ki, sai ya ce, 'Gaskiya ta faɗa.' Ya ce a fitar da rediyon daga ɗakinsa. 'Yar'uwa, ki koma ki ce kin yi kuskure, ko kalma ɗaya ce. Manajanku ya yarda ya mayar miki da filinki."

'Yar Littafi ta karkaɗe ƙurar da ke yatsunta.

"Yaya, ki gaishe shi. Ki ce na gode da littafin. Amma ban yi kuskure ba."

Matar ta hau matakala ba sallama.

Tsohon ya rasu kafin shekara ta fita. Filinta bai dawo ba, kuma mutumin da ta tsaya domin littafinsa ya tafi ba ta taɓa ganin fuskarsa ba, yana jin ciwon maganarta.