Faifai Uku da Ba Wanda Ya Nema

Shekara ashirin da shida Baban Faifai ya yi a ɗakin ajiyar faifai na gidan rediyo, ɗaki mai taga ɗaya da ba ta buɗuwa da fanka mai juyawa idan ta ga dama. Ma'aikata ne suka laƙa masa sunan tun yana da gashi a ka, kuma ba don yabo ba. Ya ga manajoji tara, ya kuma lura kowane sabon manaja yakan iso da abin da yake son zubarwa. Ta taran, mace mai digiri biyu da waya biyu, ɗakin gaba ɗaya ta zo zubarwa.

Gidan rediyon zai koma sabon gini a ƙarshen wata, inda babu ɗakin faifai sai kwamfuta. An ɗauko ɗan kwangila zai kwafi faifai dubu biyu daga cikin dubu tara ya zuba a ciki, sauran kuwa masu sayen tarkace na jira. Ƙa'idar zaɓen mai sauƙi ce, irin sauƙin da ake samu wurin mutanen da ba su taɓa sauraron abin da suke zaɓa ba: duk faifan da wani mai sauraro ya nemi waƙa daga cikinsa a bana ya tsira, wanda ba a nema ba ya tafi.

Dogo Mai Jita, tsohon makaɗin rok, kiɗan jita irin na Turawa, da yanzu ya haura saba'in, faifai goma sha ɗaya ya yi. Takwas sun tsira ba gardama, musamman na biyu mai ɗauke da "Jar Mota", waƙar da ake nema sau huɗu a mako, wadda direbobi da masu gadi da likitocin haƙori duk suka haddace. Uku na tsakiya ne matsalar: Ɗaki Babu Taga, da Lahadi a Asibiti, da Kujerar Baya. Dogo ya yi su ne a shekarun da ya sallami masu busa da 'yan amshi, ya rage daga shi sai jita sai mai ganga ɗaya, jama'a kuma suka rama ta hanyar ƙin saye. Baban Faifai ya bi rajistar buƙatu shafi-shafi har sau biyu. Ba wanda ya nemi ko ɗaya a bana. Bara ma haka.

Ya hau bene ya sami Manaja.

"Baba, ai ba a hana ka kwashe su ka kai gida ba," in ji ta, idonta a kan waya.

"Ina da nawa a gida, ranki ya daɗe, a ƙarƙashin gado. Ba kunnen da ke leƙa ƙarƙashin gadona. Abin da bai shiga kwamfutar nan ba, an gama jin sa a garin nan ke nan."

"To ai yanzu ma ba a jin sa."

Irin amsar da ke sa masa ciwon kai ke nan, domin gaskiya ce. Ya fara yi mata bayani cewa "Jar Mota" ihun saurayi ne ɗan shekara ashirin da huɗu, cewa sai a faifan nan uku Dogo ya koyi yin shiru, sai waya ta biyu ta yi ƙara.

Ta rufe bakin wayar da tafin hannu. "Rajista na rufewa ranar Asabar, bayan shirin zaɓin masu sauraro. In an nema, na sa hannu. Masu sauraro fa na ce, Baba, ba ma'aikata ba."

Yana saukowa bene ya gama lissafi. Faifai uku, mutum uku. A duk duniya mutum uku yake da su waɗanda za su ɗaga waya saboda shi: yayansa, tsohon malamin makaranta mai fansho, da telan da ke maƙwabtaka da su, da matarsa.

Ranar Alhamis da la'asar ya tara su a falo, ya share garmaho, ya ce kada kowa ya yi magana. Bai dace mutum ya nemi waƙar da bai taɓa ji ba, in ji shi, don akwai mutunci a cikin aikin. Ya ɗora Ɗaki Babu Taga. Jita ta fara tafiya a hankali. Ana jin zamewar yatsa a kan tsirkiya, ana jin kujerar da Dogo ke zaune tana ƙara.

Bayan minti uku Yaya ya ce, "Kai, gyaran jitar ne wannan, ko an fara?"

"An fara tun ɗazu, Yaya."

"To ina mutumin?"

"Sai a minti na huɗu yake shigowa. Jiran shi ne waƙar. Mutum ne a ɗaki yana jiran a ƙwanƙwasa masa ƙofa."

"Ni ma a ofishin fansho haka nake yi, ba wanda ya buga mini faifai."

Tela ya yi dariya, ya hango fuskar mai gida, ya mayar da dariyar tari. Shi mutum ne mai son zaman lafiya da kowa, mai auna magana sau biyu kafin ya yanka, ya kuma yanka ba daidai ba. Da aka sa Lahadi a Asibiti, Baban Faifai ya nuna musu waƙar da Dogo ke ƙirga fitilun silin a gefen gadon mahaifiyarsa, yana isa bakwai sai ya koma farko, ganga na bin sa kamar takun ma'aikaciyar jinya a baranda. Tela ya gyaɗa kai sosai.

"Gaskiya akwai natsuwa, maƙwabci. Zai yi daɗin sa maɓalli."

Kujerar Baya bai bari ya kai ƙarshe ba. Ya faɗa musu gaskiya cewa shi ne mafi rauni a cikin ukun, don a nan Dogo ya fara laushi, ya shigo da piyano, ya yi waƙoƙin da ake iya bi da fito. Amma ko raunin Dogo ya fi ƙarfin wasu, saboda haka shi ma a cece shi. A lokacin Yaya ya riga ya yi barci, bakinsa a buɗe. Matar gidan kuwa tana bakin ƙofa tana ninke wanki.

Ya raba aikin gwargwadon yardarsa da kowa. Yaya ya sami Kujerar Baya, don in an yi asara a yi ƙarama. Tela ya sami Lahadi a Asibiti. Ɗaki Babu Taga, wanda da za a ce ya ceci ɗaya tak shi zai ceta, ya damƙa wa matarsa. Ya rubuta wa kowa takarda da manyan baƙaƙe: waƙar da zai nema, sunan faifai, lambar waya, da ɗan gargaɗi a ƙasa.

Ranar Asabar ƙarfe huɗu yana zaune a ɗakin ajiya, faifan uku a kan tebur, lasifikar bango na kawo masa shirin. Aikinsa shi ne in an nemi waƙa ya zaro faifan ya miƙa ta ƙaramar taga zuwa ɗakin watsa shiri, inda mai gabatarwa, wani saurayi da ake kira Zuma saboda muryarsa, ke karɓar waya.

Yaya ne na biyar a layi. Ya gaida Zuma, ya gaida iyayen Zuma, ya gaida tsofaffin ɗalibansa aji-aji, ya gaida ma'aikatan ofishin fansho da wata irin murya. Minti biyu suka wuce.

"Baba, wace waƙa za mu sa maka?" in ji Zuma.

Aka ji motsin takardu, aka ji an ture kofi.

"Af, tabarau na bari a ɗaki. Ta Dogo ce dai. Sa mini ta motar nan, ɗana, ita ce waƙa."

Baban Faifai ya miƙe ya zaro faifai na biyu da hannunsa, ya miƙa ta taga. "Jar Mota" ta cika ɗakin karo na biyar a makon. Ta gilashi yana hango Zuma yana kaɗa kai kamar yau ya fara jin ta.

Tela ya shigo bayan labaran rabin awa. Shi bai manta tabarau ba. Ya karanta takardar a natse, kalma bayan kalma, kamar mai karanta awon riga.

"Ina neman waƙa ta uku, daga faifan Lahadi a Asibiti, na Dogo Mai Jita. Lambar waya..." Ya karanta wa gidan rediyon lambar gidan rediyon. "Kada ka ce ni na aiko ka, kada ka ambaci ɗakin ajiya. Shi ke nan, na gode."

Zuma ya fashe da dariya ya sa talla. Kafin tallan ya ƙare Manaja na tsaye a ƙofar ɗakin ajiya.

"Baba."

"Ranki ya daɗe."

"Wannan ba ta shiga rajista."

"Mai sauraro ne. Yana da rediyo, na gan ta da idona."

"Ba ta shiga." Ta dubi faifan uku a kan tebur, ta dube shi. "Saura nawa ka aiko?"

Ta jawo kujera ta zauna, ta kife wayoyinta biyu a cinya, alamar za ta ga ƙarshen abin.

Saura minti goma sha biyu a rufe shiri matar Baban Faifai ta samu layi. Ba ta gaida kowa ba, ba a kuma ji motsin takarda ba. Zuma ya tambayi sunanta, ta ce mai sauraro ce kawai.

"Akwai wata waƙar Dogo a faifan Kujerar Baya, ta biyu daga ƙarshe, wadda matar ke zaune a baya a mota, mijin yana ta yi wa direba bayanin hanya. Ita nake so. Kuma don Allah ku bar ta ta kai ƙarshe, kada ku yi surutu a kanta."

Baban Faifai ya dubi lasifikar bango. Hannunsa na kan Ɗaki Babu Taga, ya ma riga ya zaro shi rabi daga kwalinsa. Manaja ta ɗaga gira.

"Wannan taka ce?"

Ya yi tunani. Ba abin da ya rubuta ke nan ba, ko kusa.

"Ban aiko kowa ya nemi wannan ba," ya ce, kuma bai taɓa faɗin gaskiya mai ɗaci haka ba.

"To miƙa masa."

Ya miƙa. Piyanon da ya raina ya fara. Manaja ta saurara har ƙarshe, minti biyar cur ba ta taɓa waya ba, sannan ta buɗe rajista ta sa hannu, ta ce ba laifi, ta fita. Shirin ya ƙare da sanarwar ɓatan akuya. Ya mayar da sauran biyun cikin kwali, ya ɗora su a kan tulin da masu sayen tarkace za su kwasa ranar Litinin.

Da ya koma gida ya tarar da matarsa a kicin tana goge murhu. Takardarsa na kan firji, an danne ta da cokali.

"Ke, me na rubuta miki?"

"Na karanta."

"To?"

"Na ji Yaya ya yi ɓarna, na ji maƙwabci ya tona maka asiri. Na ga saura ɗaya za a ceta, sai na ceci mai kyau."

"Mai kyau." Ya ajiye jakarsa a ƙasa. "Kin san abin da kika jefa a bola kuwa? Faifan da babu kamarsa a duk abin da mutumin nan ya yi."

"Malam, shekara ashirin da biyu ina jin faifan nan ta bango. Rabin farko yana da kyau. Rabi na biyu kuwa mutum ne yake tausayin kansa, kuma ya san ana kallonsa. Ganga ma ta gaji da shi, saurari waƙa ta shida ka ji."

"Da gangan aka ja gangar baya a ta shida."

"Haka kake faɗa wa baƙi. A Kujerar Baya ne kawai ya lura akwai wasu mutane a duniya ban da shi."

"Piyano fa? Piyanon nan na otal?"

"Waƙa biyu kacal ke da piyano. Ka ƙirga. Kai ba ka bari ya wuce ta huɗu, kullum sai ka ɗage allura ka fara jawabi. Sai ka fita nake jin sa har ƙarshe."

Shekara da shekaru yana neman mutum ɗaya a garin nan da zai yi musu da shi a kan faifan nan uku, ya nema a wurin aiki, ya nema a shagunan kaset har suka rufe. Ga shi ya samu a kicin ɗinsa, riƙe da tsumma, kuma ba ta da gaskiya. Ya tabbata ba ta da gaskiya. Abin da ya rage shi ne waƙa nawa ke da piyano, wanda ya kasa tunawa.

"Uku ne," ya ce.

"Biyu."

"Ta ƙarshe fa?"

"Wannan ba piyano ba ne, jita ce ya danne wa wuya. Matsa mini, kana tsaye a kan inda na goge."