Foldar Jar Waya

Har yau in na tuna abin da Sharfaddeen ya yi sai in ji kaina ya ɗau zafi. Ɗan ƙanen babana ne, shi ya sa ma muke zaune a shago ɗaya har yanzu, don da bare ne wallahi da tuni na raba gari da shi.

Shagon turi gare mu a Tudun Wada, bakin titi. Mutum ya kawo waya mu zuba masa fim ko waƙa ko wa'azi daga kwamfuta. Akwai kuma wani aikin da ba mu rubuta a allo ba. In wayar mutum ta cika, mukan kwashe kayansa mu ajiye masa a kwamfutarmu, in ya sayi memori ya zo ya karɓa. Rabinsu ba sa dawowa. Hotunan suna, bidiyon walimar sauka, duk suna nan jibge. Ajiya ce, kuma kowa a unguwar ya san haka muke yi.

Inna Hajo ita kam tana dawowa. Ɗanta Kailani direban babbar mota ne, ya rasu a hanyar Lokoja shekara uku da suka wuce. Duk inda ya yada zango sai ya turo mata saƙon murya, tun da ba ta karatun boko. Da wayarta, wata ja mai tsagaggen gilashi, ta fara mutuwa tana farfaɗowa, ni na kwashe saƙonnin nan guda arba'in da ɗaya na zuba a kwamfuta. Na ce in sa mata a memori ta tafi da su, ta ƙi. Ta ce jikoki sun cika gidan, sun riga sun jefa mata waya ɗaya a randa, wajena ya fi tsira. Tun daga nan, kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ta zo ta zauna a bencin ciki, in kunna mata uku ko huɗu a ƙaramar sifika, don abin kunne yana sa mata ƙaiƙayi. In ta gama ta ajiye mana ƙullin gyaɗa ta tafi.

Watan jiya kwamfutar ta cika maƙil. Layin da ke nuna sauran wuri ya yi ja, in ka danna abu sai ka sha shayi ka dawo ba ta buɗe ba. Ranar Talata zan tafi ta'aziyya Hanwa, na zaunar da Sharfaddeen na yi masa bayani dalla-dalla kamar ɗan aji ɗaya. Na ce ya cire tsofaffin finafinan Indiya da ba wanda ya tambaya tun bara, ya cire waƙoƙin da muke da su kwafi biyu-biyu, ya zubar da abin da ke kwandon shara. Ya ce to, to, ya ji.

Da la'asar na dawo na tarar layi ya koma shuɗi, shi kuma gogan naka yana ta washe baki, wai ya samo mana giga ɗari biyu har ya zuba sabon fim mai dogon zango, kashi ɗari da tamanin. Na duba, finafinan Indiyan nan suna nan ko ɗaya bai taɓa ba. Na shiga wajen ajiya, na ga wayam.

Wai finafinai kayan sana'a ne, ba a zubar da kayan sana'a. Wai sai ya duba duk ajiyar da ta haura shekara biyu ya goge, ya bi ta kwandon shara ya ƙarasa. Ka ji fa. Ya bar jarumin da ya shekara goma yana rawa a kan dutse, ya share amanar mutane.

“Ina foldar Inna Hajo?” na ce masa.

“Babu folda mai wannan sunan, Salmanu. Na duba sunaye kafin in goge.”

A nan kam gaskiya ya faɗa. Ni ba na sa sunan mutum a ajiya, kalar waya nake sawa, saboda Hajo nawa ce a Tudun Wada? Tata na rubuta mata “jar waya, tsohuwa”. Amma duk da haka, mutumin nan kowace Juma'a yana zaune taku biyu daga bencin. Bai taɓa ɗaga kai daga wasan da yake bugawa a waya ya ga wace folda nake buɗewa ba. Na zage shi tas, har mai shayin gefenmu ya shigo ba da haƙuri. Abin da ban faɗa da ƙarfi ba shi ne, na fi sau ashirin ina cewa zan kwafe saƙonnin a filas ɗin kwamfuta in kai gida, ban yi ba. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Washegari na ɗauki kwamfutar a keke na kai wa Pius, mai gyara a Kwangila. Ya yini a kanta. Ya ce da gogewa kawai aka yi da ya dawo da su, amma sabon fim ɗin ya hau daidai inda suke ya danne. Abin da ya iya tonowa hoton wani rago ne na suna da rabin wata waƙa.

Juma'a ta zo. Sharfaddeen ya so ya sulale, na ce ko nan da ƙofa ba zai je ba. Inna ta shigo da sallama, ta zauna a bencinta, ta gyara mayafi tana jira. Na durƙusa na faɗa mata komai, har da nawa laifin. Ba ta yi kuka ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta dubi Sharfaddeen ta tambaye shi me ya zuba a wurin. Ya ce fim, kansa a ƙasa. Ta gyaɗa kai kawai.

Can ta juyo wajena. “Maganar da ɗana ya turo daga Tafa, ta ruwan sama, ka riƙe ta?”

Na riƙe ta mana, na ji ta ya fi sau ɗari. Na ce, “Inna, na iso Tafa, ruwa ya tsare mu. Ki sha maganinki, kar ki ce sai kin ci abinci, ki ci ɗin sannan ki sha. In na dawo zan gyara miki ƙofar nan.”

Ta girgiza kai. “Ba haka yake farawa ba. Sai ya yi gyaran murya tukuna.”

Na yi gyaran murya, na sake daga farko. Ta rufe ido ta ce in rage sauri, shi ba ya sauri.