Uban Aro

Tun da jaridar da take wa aiki ta rufe aka sallami kowa, Auta ta koma rubutu a kan teburin guga a ɗakinta. Ba inda ba ta aika aikinta ba: mujallu, gidajen rediyo, kamfanonin talla, har da masu sayar da katifa a intanet. Wasu shiru kamar an shuka dusa, wasu su ce za su neme ta. Duk wanda ya taɓa neman aiki ya san "za mu neme ki" sallama ce cikin ladabi.

Abin da ya fi ci mata rai Baba ne. Gyaran agogo ya cinye masa ido, yanzu haske da duhu kawai yake bambancewa. A da, duk ranar da rubutunta ya fito sai ta karanta masa, kuma da sunanta za ta fara, ya sa ta ɗora masa yatsa a kan wurin. Ya san jarida ta rufe. Ta ce masa tana aiki daga gida, sunan nan kuma zai dawo. Ya yarda, don bai taɓa kama ta da ƙarya ba.

Aikin da ya zo daga ƙarshe ba mai suna ba ne. Wani mai kamfanin gine-gine yana da shafi a mujalla inda yake ba matasa shawara, shi da ko saƙon waya ya rubuta sai an yi taro a gane. Auta za ta rubuta, sunansa da hotonsa su fito, ita kuma ta kama bakinta. Ta karɓa, da babu gara ba daɗi. Baba dai ba ta gaya masa ba.

Wata rana mai kamfanin ya kira ta ofishinsa, mai sanyin na'ura da kujerun da ke haɗiye mutum.

"Wannan karon a kan mahaifina nake so," in ji shi. "Abin da zai taɓa zuciya."

"Ranka ya daɗe, ba ni labarinsa mana. Me yake yi? Me yake ce maka?"

Yana danna waya ya amsa. "Mutumin kirki ne. Ya rasu ina ƙarami, ban wani san shi ba. Ke dai cika sauran, ai aikinki ke nan. Na makon jiya fa bai yi armashi ba, kuma masu neman aikin nan suna da yawa."

Ta dawo gida ta zauna rubutu. Ta ƙago uba manomi, ta goge. Ta ƙago uba ɗan kasuwa, ya fito kamar tallan katifa. Lokaci yana ƙurewa, kuma ta ci ladan kuturu. Sai hannunta ya koma ga uban da ta sani. Ta rubuta mai gyaran agogo da gilashi ɗaya maƙale a ido. Ta rubuta lokacin da zazzaɓi ya kusa tafiya da ita tana ƙarama, ya sa mata agogo a ƙarƙashin matashi ya ce, "Ki saurara, muddin yana bugawa ke ma kina nan." Abin da ta yi kawai shi ne ta mai da yarinyar yaro.

Mai kamfanin ya kira ta yana dariya. "Kin sa matata kuka! Aikin naki ne har sai kin gaji."

Ba ta gama yin ajiyar zuciya ba, tela maƙwabcinsu ya leƙo da hantsi da mujallar a hannu. "Baba, ga wani ya ba da labarin mai gyaran agogo irinka. A karanta maka, ka ji 'yan'uwanka."

Baba yana zaune a bakin taga. Ya miƙa mujallar wajen da ya ji motsinta. "Auta, zo ki karanta. Waye ya rubuta?"

Ta karanta masa sunan mai kamfanin. Sai layin farko: "Marigayi mahaifina." A nan ta so ta tsaya, amma ta ci gaba, don tsayawa ta fi tona asiri. Ta kai ƙarshe ba ta ɗaga ido ba, duk da ta san ba ganinta yake ba.

Baba ya ce, "Ya iya rubutu. Sai dai ba a ƙarƙashin matashi ba ne. A wuyan hannunki na ɗaura shi, ya yi miki yawa, na huda wani rami da allura."

"Baba..."

"Aikin da kike yi ke nan?"

"Shi ne."

"Ya zauna?"

"Ya ce ya zauna."

"To alhamdulillahi. Ba sata kika yi ba, naki ne kika bayar." Ya shafa shafin da tafin hannu, ya rufe mujallar. "Marigayin ma ba komai, kowa can za shi."

Ta durƙusa a gabansa tana hawaye. Ya laluba ya dafa kanta.

"Abu ɗaya nake roƙonki, Auta. In mutumin ya sake tambaya, kina da labarin shago, kina da na ranar da kika fara makaranta, duk ki ba shi. Amma na ranar da mamarki ta rasu, ki bar mana shi."