Hatimin Likitan Soja

Fentin mariƙin hatimin ya goge saboda yawan aiki. Shi na fara gani a teburin likitan soja, kusa da kofin shayinsa mai ƙanƙara. Ko a juye na iya karanta rubutun: taɓin hankali na dindindin.

Ranar tantance samarin gundumarmu ce don shiga soja, a zauren makarantar firamare, cikin zafin Afrilu. Samari sun zauna layi-layi a ƙasa ba riga, kowa da lamba a dantse. A gefe an jera kujeru shida na katoi, waɗanda aka haifa maza amma suke rayuwarsu a mata. Ta uku ƙanwata ce, Nampueng, tana gyara jambaki kamar biki aka gayyace ta.

Kowa ya san yadda ake yi. Likita ya shiga da katoi bayan labule, ya fito ya buga hatimi a takardar sojanta, a sallame ta. Matsalar ita ce duk wanda aka haifa namiji, in ya nemi aiki sai an ce ya kawo takardar soja. Wani babban kantin magani a birnin Khon Kaen ya ce Nampueng ta fara aiki bayan bikin watsa ruwa na sabuwar shekararmu. Ba na jin za su miƙa makullin kabad ɗin magani ga wadda gwamnati ta ce ba ta da hankali.

A jakata akwai shafi biyu da na kwafo a laburaren jami'armu, inda wasu manyan likitoci suke cewa son jinsi ɗaya ba hauka ba ne, kuma irin su Nampueng ma a sake dubawa. Sati guda ina haddace abin da zan faɗa. Da muka isa teburin na ciro su, likitan ya ɗago ya dube ni, sai na fara fifita da su.

Nampueng ta haɗa tafin hannu ta gaishe shi, ta zauna.

"Ranka ya daɗe, tunda ciwo ne, wane magani za ka rubuta min? Kafin abinci ko bayan abinci?"

Likitan ya ce rubutu ne kawai na ofis, kowa haka ake masa. Ta ce shekara uku ta yi tana karatun haɗa magani, ba ta ga na wannan ciwon ba, ko ya ƙare a kasuwa ne? Samarin layin gaba suka fara dariya ƙasa-ƙasa. Likitan ya cire tabarau ya goge. Ya ce hanya biyu ce, ko hatimi, ko ya rubuta lafiyayye ta je ta sa hannu a tulun ƙuri'a kamar kowa. Jan kati shekara biyu a bariki, baƙi a tafi gida da takarda tsaf.

"To a ba ni tulun," in ji ta.

Ban taɓa ganin soja ya tsorata kamar Saje Prayong ba, mai kula da layi. Ya zo da robar lemo mai sanyi yana raɗa mata ta yi haƙuri ta karɓi hatimin. Wai ina zai kwantar da ita cikin maza tamanin? Wa zai aske wannan gashin? Me zai gaya wa Kanar?

"Saje, ni ma ina son bauta wa ƙasa," ta ce. "Amma banɗakinku akwai madubi?"

Ta shanye lemon. Da ya tafi ta kama hannuna.

"Yaya, in na ciro ja, ke za ki gaya wa Mama."

Sai bayan ƙarfe uku aka kawo tulun, katunan a nannaɗe cikin guntayen tsinken shan lemo. Wanda ke gabanta ya ciro ja, sojoji biyu suka tallafe shi suka fita da shi. Aka kira lambarta da sunan maza da ke katinta na ɗan ƙasa, Thawatchai. Ta tashi, takalminta yana ƙwas-ƙwas a kan siminti. Ta zura hannu ta daɗe tana juyawa kamar mai zaɓen mangwaro. Saje Prayong ya rufe ido, ya riƙe layar wuyansa.

Baƙi ne. Saje ya fi kowa tafi, har ya manta ya sara mata.

Na raka ta teburin likitan don a cike takardar. Likitan ya rubuta lafiyayye, ya sa hannu, ta karɓa da hannu biyu, jambakin duk ya zame. Shafukana sun yi laushi da gumi. Na miƙar da su, na ajiye a gabansa, na ɗora hatimin a kai don kar fanka ta kwashe.

Likitan ya zare su ya karanta a tsaye, har ƙarshe. Ya ninke su huɗu ya sa a aljihun gaba, ya ɗauki kofinsa, ya bi ta ƙofar baya. Hatimin ya bar shi a teburi.