Ƙamshi a Hanyar Roni

"Tasalla, tallabe mata kai, motar gajera ce," in ji Bunu, yana riƙe da ƙofa.

Na tallabe, matan gida suka kama ƙafafu, muka zura Hajja Kaka cikin jar motar nan a hankali. Kujerar ta yi ƙasa sosai, har gwiwoyinta suka kusa taɓa haɓarta. Ta gyara lafayarta, ta dubi jama'ar da ta cika layinmu, ta yi murmushi. Yara na tsalle, mai shayi ya bar teburinsa, wata ta rangaɗa guɗa. Ni kaina zuciyata rawa take yi, sai ka ce amarya muke rakawa.

Katanga ɗaya ta raba gidana da nata a Kazaure. Mutanen Barno ne, tana yarinya iyayenta suka zo da ita, kuma duk amaryar da aka kai ɗaki a unguwarmu da turaren wutar Hajja aka kai ta. Tun farkon damina ciwo ya kwantar da ita, ƙafafu suka kumbura, numfashi sai da dabara. Likita a Kano ya ce a mayar da ita gida, kowa kuma ya san abin da hakan ke nufi. Ana nan sai ga saƙo daga Roni: 'yarta Amna, wadda ta daɗe da aure ba haihuwa, ta sauka lafiya, ta sami mace, kuma sunan Hajja za a sa mata. Hajja ta ce ko a kan makara ne sai ta je ta ga takwararta. Matsalar ita ce mota, don girgizar akori-kura kaɗai ta isa ta ƙarasa ta a hanya.

Sai Allah ya kawo Bunu, ɗanta na fari. Shekarun nan ne da arzikin mai ya buɗe, ya sami kwangilar siminti a Ikko, ya dawo da motar da Kazaure ba ta taɓa ganin irinta ba. Ƙofa biyu, kujera biyu, rufin tamfol, fitilunta kuma ɗagowa suke yi su buɗe kamar ido. Na tambaye shi inda zai sa buhun gero a cikin wannan abin wasan yara. Ya yi dariya, ya ce kafin in gama ɗaura ɗankwali ya isa Roni, kuma ko ƙoƙon ruwa aka ɗora ba zai zube ba. Hajja kuwa na ga yadda take satar kallon motar. Ba ta taɓa kiran sunansa ba tun da ta haife shi, saboda kunyar ɗan fari. "Mutumin Ikko" take ce masa, in ta ji haushinsa kuma "wancan".

Motar dai tana da nata halin. Tana ajiye a ƙofar gida sai ham ya ɗauka shi kaɗai, awaki su watse. Wani lokaci fitila ɗaya ta ɗago da rana tsaka. In an kunna ta kuma akwai wani ƙauri-ƙauri da ke fitowa ta ƙarƙashin sitiyari, kamar an jefa takalmin roba a murhu. Bunu ya ce waya ce ke taɓa wata, zai kai ta Kano wurin mai gyaran wayar mota kafin suna.

Ranar da aka fito da Hajja zaure shan iska ta shaƙi ƙaurin nan, ta yamutsa fuska. Ta ce ƙarnin jirgin ruwa ne da fatar Turawa, kuma ba za ta shiga abu mai wari ta je wa jaririya ba. Ta sa aka zuba garwashi a kasko, ta barbaɗa turarenta da hannunta, aka ajiye a cikin motar aka ɗaga gilashi. Safe da yamma haka ake yi. Kafin a je ko'ina motar ta koma ɗakin amarya, har masu wucewa kan rage tafiya su ja numfashi. Bunu ya kunna, ya sunkuya ya shaƙa, ya ce ai kuwa ƙaurin ya tafi, Kano sai bayan suna. Duk muka yarda, muna yaba hannun Hajja.

A but ɗin motar kuma, wato ma'ajiyar kaya ta baya, ta sa aka jera kwallayen turarenta kakaf, haɗinta na ƙarshe kafin ta kwanta. Ta ce rabi na mai jego ne, rabi a ajiye wa takwara har ranar aurenta.

Ranar suna, mu mata muka cika akori-kurar Haladu direba da ƙorai da kwanuka, muka bi Bunu da Hajja a baya muna waƙa. Da farko Bunu a hankali yake tafiya kamar yadda muka roƙe shi. Muna wuce duwatsun bayan gari sai motar ta yi wani gurnani ta cilla. Daga baya ya gaya mana Hajja ce ta ce masa, tun da an ce tana gudu, to ita ma ta gani. Muka yi ta shewa, Haladu na taka tasa tana tari, har jar motar ta ɓace mana tsakanin gonakin gero.

Muna shan wata kwana, ba nisa da Roni, muka hango hayaƙi.

Motar tana gefen hanya, ham na ta ihu, fitilu na buɗewa suna rufewa. Baƙin hayaƙi na tuƙowa ta ƙarƙashin sitiyari. Bunu ya buɗe ƙofar Hajja yana ja, amma ta nutse a kujerar nan, kumburarrun ƙafafunta sun maƙale, ta kasa fitowa. Ban san lokacin da na diro ba. Na kama hannu ɗaya ya kama ɗaya, ko motsi. Ina ganin harshen wuta na lasar tabarmar ƙasa kusa da ƙafarta, tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba.

Wani Bafulatani mai amalanken shanu, wanda daga baya muka ji sunansa Sama'ilu, ya bar shanunsa a tsakiyar hanya ya rugo. Bai tambayi kowa ba, ya zaro wuƙa ya farke tamfol ɗin rufin daga gaba har baya. Ya haye, shi da Bunu da Haladu suka naɗe hannu a lafayarta suka ciro ta ta sama. Bakin lafayar ya kama da wuta, na murje shi da tafin hannuna. Muka kwantar da ita nesa a ƙarƙashin wata tsamiya, tana tari, idanunta na ruwa.

Manoma suka fito suna watsa ƙasa da garmuna, amma wutar ta riga ta ci gaban motar. Haladu ya ce kowa ya ja da baya saboda tankin mai. A nan ne Bunu ya tuna da kwallayen. Ya ce turaren Hajja, ya juya da gudu ya nufi but, makulli a hannu.

"Bunu."

Da ƙyar muryar Hajja ta fito, amma kowa ya ji ta. Ya tsaya cak.

"Bunu, bar shi. Zo ka zauna kusa da ni."

Ya dawo yana tafiya kamar wanda aka tashe shi daga barci, ya durƙusa gabanta. Bai daɗe da durƙusawa ba bayan motar ya kama da wata irin ƙara, zafin ya buge mu har inda muke. Ƙaton mutum, ɗan kwangila, ya kifa kai a ƙafafun uwarsa yana kuka. Ni na san ba motar yake wa ba.

Can sai iska ta juyo, ƙamshi ya lulluɓe mu. Sandal, kajiji, hawi, duk abin da Hajja ta yi shekaru tana tarawa yana ƙonewa gaba ɗaya. Ya danne ƙaurin taya, ya bazu cikin gero, har mata suka riƙa fitowa daga rugage suna tambayar wace amarya za a wuce da ita. Hajja ta rufe ido ta ja numfashi gwargwadon yadda ƙirjinta ya bari.

"Tasalla, kin ji? Kajijin ya ɗan yi yawa," ta ce da ni.

Dariya ta ƙwace mini, ga hawaye na zuba. Matan da ke salati ma suka fashe da dariya.

Bunu ya ce a koma Kazaure a ga likita. Ta ce Roni ta nufa, Roni za ta. Sama'ilu ya shimfiɗa harawa a amalankensa, muka ɗora zannuwanmu, aka kwantar da ita. Shanun suka ja a hankali, Bunu na tafe a ƙasa riƙe da lema, mu muna biye muna guɗa. Haladu ya yi gaba ya kai labari, saboda haka muna shiga gari rabin Roni ya fito tarya.

An riga an raɗa suna tun safe. Amna ta fito da kanta, ta durƙusa, ta ɗora jaririyar a ƙirjin uwarta. Hajja ta daɗe tana dubanta, ta shafa kanta da yatsa, ta yi mata addu'a da Barbarci. Sannan ta ce wa Amna ta yi haƙuri, tsarabar ta ƙone a hanya, duk jama'ar Allah sun shaƙe. Ta sa muka warware mata lafayar, wadda hayaƙin turaren ya ratsa ko'ina, ta ce a lulluɓe takwara da ita.

Ba ta koma Kazaure ba. Ta ƙara kwana biyu a ɗakin mai jego, tana shan kunu cokali-cokali, tana ba duk wanda ya shigo labarin gudun motar. Ta ce itatuwa har baya suke komawa. Ranar Alhamis da hantsi, Bunu na zaune a bakin gadon, ta cika.

Bayan an kai ta makwancinta na leƙa ɗakin in yi wa Amna sallama. Ta fita wurin masu gaisuwa, kasko na kusurwa ba wuta. Jaririyar na barci a tsakiyar gado cikin lafayar, ta damƙe ƙonannen bakin da ɗan hannunta.