Kogin da ke Bayan Binta

Hoton ya shigo wayar 'Yardada ranar Laraba da hantsi, tana tsugune tana zuba wa tumakinta dusa a tsakar gidanta da ke unguwar Sheshe a birnin Kano. Ta goge hannu a zani, ta koma inuwar rumfa don ta gani da kyau. Binta ce, autarta, wadda shekara biyu ke nan tana karatun noma a Turai, a wani gari da har yau harshen 'Yardada ya ƙi kama sunansa. Tana tsaye da jaka a goye, sanda a hannu, tana dariya har haƙora a waje. A damanta layukan inabi ne sun hau tudu a jere kamar kitso. A hagunta wani tsohon ginin dutse mai doguwar hasumiya. A bayanta kuma kogi.

Saƙon murya ya biyo baya. "Inna, mun fito tattakin da na gaya miki. Mu bakwai ne da malamarmu. Kwana uku za mu yi muna bin hanyar ƙafa ta cikin gonakin inabi, muna ɗibar ƙasa muna aunawa. Ginin nan coci ne, an ce ya haura shekara ɗari shida. Ki sa mu a addu'a, ƙafafuna har sun fara ƙorafi."

'Yardada ta sa yatsu biyu ta buɗa hoton yadda aka koya mata. Ta wuce fuskar Binta, ta wuce ginin, ta tsaya a kan ruwan. Jajawur yake kamar an dama jar ƙasa, ga kumfa da karare sun taru a gefensa, alhali sama fes take, ko ɗigon gajimare babu. Hanyar da yaran za su bi kuwa ta kwanta dab da gaɓa.

'Yardada ta san irin wannan ruwan. Ita ba haifaffiyar birni ba ce. A ruga ta tashi, tana bin shanun mahaifinta har ta kai shekara goma sha uku, kafin iyayenta su sayar da abin da ya rage su zauna a cikin ganuwa. Tana 'yar tara wani rafi ya cinye musu karsana biyu a idonta, rana tsaka, ana zafi, domin ruwan a can nesa ya sauka, sai zuwansa kawai suka ji. Launin ruwan ranar shi ne wannan.

Ta danna wayar ta yi magana. "Binta, ki saurare ni. Ruwan da ke bayanki ba na wurin ba ne, daga sama ya taho, kuma akwai wani a bayansa. Ki gaya wa malamarku ku bar bakin kogin nan, ku hau tudu. Kin ji ko?"

Saƙon ya tafi da alama guda. Ta san guda ɗaya na nufin bai isa ba. Ta zauna tana jiran ta biyun har tumakin suka cinye dusar suka soma lasar kwanon.

Bayan azahar sai ga sallamar Alhaji Hambali, yayan marigayi mijinta, wanda yaran ke kira Baffa. Shi ma ya ga hoton, don Binta ta saka shi a zauren dangi na waya. Bai ko gama amsa gaisuwa ba ya fara.

"Ke kin san me ake yi da inabin nan? Giya ake matsewa. 'Yar ƙanena Malam Ismail a tsakiyar gonar giya, a ƙofar coci, tana washe baki, kuma duk dangi sun gani. Tun farko abin da na guda ke nan, kuka ce karatu ne."

"Alhaji, ƙasa suke aunawa," in ji 'Yardada. "Ni ba wannan ne ya dame ni ba. Dubi ruwan."

"Wane ruwa kuma?"

Ta miƙa masa wayar. Ya kalla, ya ɗage kafaɗa. Shi ɗan kasuwar Kurmi ne, a rumfar yadi ya girma, kogi a wurinsa kogi ne kawai. Ya ce in Binta ta kira a ce ta neme shi, yana da magana da ita, ya shuri takalmansa ya fita.

Binta ba ta kira ba. Washegari Alhamis ma shiru, alamar nan guda ɗaya tana nan inda take. 'Yardada ta ɗora koko ta manta da shi har ya kama. Da rana ta ɗaga ta yafa mayafi ta nufi Gwammaja, gidan babbar 'yarta Zaituna, malamar makaranta mai jin Turanci. Ba ta tsaya neman adaidaita ba, zama a cikin abin hawa ma ba za ta iya ba. Ta ratsa lungu-lungu ta ɓulla ta Jakara. An kwana biyu ana ruwa a Kano, kwatar Jakara ta cika tana gudu da leda da robobi, 'yan dako na ɗage wando suna tsallake taɓo da kaya a ka. Ta kawar da kai, ta ƙara sauri.

Zaituna ta fara da dariya. "Haba Inna, ai cikin duwatsu suke, sabis ne babu. Can fa ba nan ba ne, komai a tsare yake."

"Ruwa bai san tsari ba. Duba mini."

Zaituna ta rubuta sunan yankin a wayarta. 'Yardada ba ta iya karatun boko ba, amma ta iya karanta fuskar 'yarta, kuma ta ga lokacin da dariyar ta ɗauke.

"Faɗa mini."

"Sun ce an yi ruwa mai yawa a kan duwatsu, kogin ya yi ambaliya jiya da yamma. Wasu hanyoyi sun yanke."

"Mutane fa?"

"Ba su faɗa ba, Inna."

Zaituna ta nemo lambar makarantar ta kira. Ta daɗe tana Turanci, tana maimaita sunan Binta harafi-harafi. Da ta ajiye ta ce su ma makarantar suna nemansu, rabonsu da jin malamar tun jiya da azahar, amma an tura masu ceto. 'Yardada ta zame daga kujera ta zauna a ƙasa, ta jawo carbi. Ja take yi, amma da za a tambaye ta me take karantawa ba za ta iya faɗa ba. Duk wayar da ta yi ƙara a gidan sai ta zabura. Abincin da aka ajiye mata har ya huce ba ta buɗe ba.

A Gwammaja ta kwana. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Alhaji Hambali ya iso, don Zaituna ta sanar da shi. Ya shigo ba faɗa, hularsa ma a karkace. Ya zauna a bakin tabarma ya ce ya sa an yi addu'a a masallaci. Daga nan ya murza gemu, ya ce a hankali, "Ashe ruwan kike nuna mini."

'Yardada ta ci gaba da jan carbinta.

Ana dab da la'asar wayar Zaituna ta yi ƙara da wata baƙuwar lamba, kiran bidiyo. Zaituna ta ɗaga, sai ta saki ihu. Fuskar Binta ce, ta rame, idanunta sun faɗa, an lulluɓa mata wani bargo mai kauri.

"Inna! Inna, lafiyata ƙalau, wallahi lafiyata ƙalau."

'Yardada ta karɓi wayar da hannu biyu. Ta ƙura wa allon ido. Sannan ta ce, "Nuna mini ƙafafunki." Binta ta nuna. Ɗaya a naɗe take da bandeji, targaɗe ne. Ta ba su labari tana haki: suna cikin tafiya suka ji rugugi, suka waiwaya suka ga ruwa ya ɗauke gadar katakon da suka tsallako. Suka bar kayan awonsu suka kama tudu ta cikin inabin, suna faɗuwa suna tashi, wani ɗan ajinsu har ya karye a hannu. A saman tudun akwai wani tsohon coci, da wata tsohuwa mai riƙe da makullinsa. Ita ta buɗe musu. Kwana biyu suka yi a ciki, babu wuta babu sabis, tana kawo musu burodi da cuku da madara mai zafi daga gidanta. Sai ɗazu masu ceto suka iso.

Alhaji Hambali ya matso da kansa kusa da wayar. "Salla fa?"

"Na yi, Baffa. Da ta ga ina neman wuri sai ta share mini wani ɗaki na gefe, ta shimfiɗa mini tawul mai tsabta. Kullum ita ke ɗumama mini ruwan alwala."

Alhaji ya gyaɗa kai. "Tana kusa?"

"Ga ta nan."

"Ba ta wayar."

Wata fuska ta cika allon, farar tsohuwa mai yamutsattsiyar fata da ɗankwali baƙi ɗaure a haɓa. Alhaji Hambali ya gyara hularsa, ya dafa ƙirji. "Sannu Baba. Ina wuni? Ina gajiya? Ya iyali? Ya muka ji da wannan ruwa? To, mun gode, mun gode ƙwarai. Allah ya saka da alheri, ya ba ki lafiya." Tsohuwar ba ta ji ko kalma guda ba. Ta yi ta gyaɗa kai tana zuba nata yaren, shi ma yana amsawa da "madalla, madalla," Zaituna na dariya hawaye na zuba.

Da kiran ya katse 'Yardada ta yunƙura za ta tashi ta yi alwala, sai ta ji yunwa ta taso mata. Ta koma ta zauna. Ta ce wa Zaituna ta ɗumamo mata tuwon jiya, kuma a aika wa maƙwabciyarta a Sheshe ta duba tumakin, don tun jiya da safe ba su ci komai ba.